Mai mota ya ce "tsatsar sama-sama ce kawai": in tura masa kafin alƙalami?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na ga tallar Honda CR-V ƙirar 2008, tokumbo daga Amurka, yanzu tana Legas. A hoto ta yi kyau ƙwarai. Mai ita ya rubuta cewa bodinta garau yake, sai dai akwai "'yar tsatsa ta sama-sama irin wadda ba a rasa ta a tsohuwar mota", kuma wai an riga an feshe ƙarƙashinta da baƙin fenti domin kariya. Kuɗinta bai kai na irinta da na gani a Kaduna ba. Yana so in tura kafin alƙalami ya ajiye mini ita. In tura?

Amsa: Malam, kada ka tura ko sisi tukuna. Ba wai na yanke wa mutumin hukuncin maƙaryaci ba ne. Abin da ya rubuta maka ne bai isa a fitar da kuɗi a kansa ba. Na haura shekara ashirin ina aikin walda da gyaran jikin mota, kuma a cikin maganarsa duka, zancen baƙin fentin nan ya fi tayar mini da hankali, alhali shi ya kawo shi ne don ya kwantar maka da naka.

Bari in fara da yadda tsatsa ke cin mota, domin a nan ake yi mana wayo. Ƙarfen jikin ƙaramar mota kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Bayansa, wanda ido ke gani, an lulluɓe shi da fenti hawa-hawa, ruwa na sauka a kansa ya gangare. Cikinsa kuwa, wato cikin ƙofa da cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi da duk inda aka haɗa faranti biyu aka matse, nan ne laka da danshi ke samun wurin kwana. Saboda haka tsatsar da ke kashe mota daga ciki take farawa ta yo waje. In ka ga fenti ya yi 'yan ƙuraje ya kumbura a bakin taya ko a gindin ƙofa, ba farkon tsatsa kake gani ba. Ta riga ta gama ratsa ƙarfen ne, fentin kaɗai ya rage a tsaye. Mai mota zai nuna maka ƙurji kamar ƙwayar wake ya ce da yasa takarda za a goge shi. Sau da yawa in muka sa injin gurza a wurin, ramin da ke buɗewa ya kan kai tafin hannu.

Akwai tsatsar sama ta gaskiya, ban musa ba. Ita ce jan da ke bayyana a kan ƙarfe mai kauri, kamar salansa, da faifan birki in mota ta kwana biyu a ajiye, da hannayen da ke riƙe tayoyi. In ka sa burushin waya ka goge, sai ƙarfe mai santsi ya fito, in ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara tsaf. Wannan ba ta hana ciniki. Daga ita sai wadda ta fara ɓawo, ƙarfe ya kumbura ya yi falle-falle kamar littafin da ruwa ya jiƙa ya bushe, kana taɓawa yana zuba. Wannan ta riga ta rage wa ƙarfen kauri. Sai ta ƙarshe, wadda ta huda. Matsalar ita ce duka ukun sunansu ɗaya a bakin mai talla: "'yar tsatsa". Kuma ko yawanta bai kai wurin da take muhimmanci ba. Ƙofar da ta ruɓe gaba ɗaya ana ciro wata a kasuwar Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗaura. Rami kamar na sulalla a wajen da aka ɗaure hannun tayar baya kuwa zai iya kifar da mota da iyalinka a ciki.

Abin da ya sa mu 'yan Arewa ake saurin cin mu a wannan fanni shi ne ƙasarmu busasshiya ce. Mun saba ganin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ta shekara talatin ana lodin buhuna a kanta, fenti ya ƙone da rana, kujeru sun yage, amma ƙarƙashinta lafiya lau. Don haka in za mu sayi mota, injin muke saurara, mu duba giya, mu kunna na'urar sanyi, mu zagaya bodi muna neman inda aka buga. Ba mu da al'adar kwanciya a ƙasa. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba kuwa, gishiri ake watsa wa tituna duk lokacin sanyi don kada su daskare, miliyoyin tan a kowace shekara a Amurka kaɗai. Taya na watsa wannan ruwan gishirin cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, wata uku zuwa huɗu a shekara, shekara goma sha biyar a jere. Motar da ta yi zamanta a jihohin New York, Michigan, Ohio, Pennsylvania, Massachusetts, ko a Ontario da Quebec na Kanada, ba ɗaya take da wadda ta zauna a Arizona ko Nevada ba, ko da rana ɗaya aka ƙera su. A Turai kuma akwai binciken dole. A Jamus duk shekara biyu sai mota ta je gwaji, a Ingila kuma tsatsa mai tsanani da ke cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, sitiyari, ƙafar mota ko bel ɗin kujera ta isa ta kayar da mota a gwajin shekara. Motar da ta faɗi, kuma kuɗin gyaranta ya fi ƙimarta, ba a jefar da ita. Da yawansu jirgin ruwa suke hawa, su sauka Kwatano ko Lome ko Legas, mu kuma mu kira su Baljiyam muna murna.

Ita wannan motar da ka ambata ma tana da nata labarin. A shekarar 2023 kamfanin Honda ya yi kiran a dawo da CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011, sama da guda 560,000, waɗanda aka sayar ko aka yi wa rajista a jihohin da ake zuba gishiri a Amurka. Dalili shi ne laka da ruwan gishiri na shiga cikin ƙarfen shasin baya ta ƙananan ramukan da ke jikinsa, su ci shi daga ciki, har hannun da ke riƙe tayar baya ya iya ɓallewa. Wasu an ƙara musu ƙarfen tallafi, waɗanda suka lalace sosai kuma kamfanin ya yi tayin sayen su. Taka ta 2008 ce, tana tsakiyar waɗannan shekarun. Kuma CR-V ba ta da shasi daban irin na Hilux, jikinta shi ne shasinta, in ya ruɓe babu abin da za a kwance a sauya cikin sauƙi. Ba Honda kaɗai ba ce. Toyota ta amince a 2016 da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 a kan ruɓewar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia, kuma a 2010 ta yi kiran Sienna kusan 600,000 saboda wayar da ke riƙe safaya taya a ƙarƙashi tana ruɓewa tayar ta faɗo a titi. Na kawo maka waɗannan ne don ka san cewa in mai mota ya ce maka "ai Honda ce" ko "ai Toyota ba ta tsatsa", bai faɗa maka komai a kan motar da ke gabanka ba.

Yanzu ga baƙin fenti. Shi wannan abin fesawa mai kama da kwalta yana da amfani in an fesa shi a kan ƙarfe mai lafiya, wanda aka wanke ya bushe. In aka fesa shi a kan tsatsa, sai ya kulle danshi da gishiri a ƙarƙashinsa, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Ka tambayi kanka: mutumin da zai rabu da mota nan da mako guda, me zai sa ya kashe kuɗi yana kare ta daga tsatsar shekara biyar masu zuwa? Ƙarƙashin mota ƙirar 2008 ya kamata ya yi kama da shekarunsa, da ƙura, da ɗan ja nan da can, da tabon mai. In ka tarar da shi baƙi wuluk yana ƙyalli, fentin ya hau kan notuna da robobi da salansa da wayoyi, har yana ɗan manne wa yatsa, to kwanan nan aka yi shi, kuma cikin gaggawa. Kamfani ba ya fesa irin wannan kwaltar a kan salansa.

Wata shekara wani direba ya kawo mini Sienna da ya saya bai fi wata biyu ba, yana jigilar fasinja da ita. Ƙara yake ji a baya in ya shiga rami, bakanike ya canza masa shokazoba ƙarar ba ta daina ba. Na shiga ƙarƙashi, komai baƙi sumul. Na ɗora bakin sukudireba a gefen da ake kafa jak, ban ma danna da ƙarfi ba, sai ta shige har mariƙinta. Da muka ɓamɓare wurin, abin da muka tarar ragar waya ce irin ta taga, an cusa ta a ramin, an shafe ta da fila, wato ƙullin nan da masu gyaran bodi ke cike lotsa da shi, an fesa baƙi a kai. Tsawon kusan kamu biyu babu ƙarfe. Mutumin nan ya zauna a kan benci ya yi shiru, domin gonarsa ya sayar ya sayi motar, kuma wanda ya sayar masa ya ce masa "tsatsar sama ce". Har yau in na ji wannan kalma sai fuskarsa ta faɗo mini.

Akwai sauran kalmomi da za ka ji. "Fes bodi" yana nufin ba a sake fentin sama ba, kuma yana iya zama gaskiya ɗari bisa ɗari alhali ƙasa ya ruɓe, domin gishiri ba ya hawa rufi. "An riga an gyara" sai ka tambaya da me aka gyara. Gyaran tsatsa ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yi waldar sabon faranti mai kauri irin nasa, a rufe ciki da waje. Ɗora faci a kan ruɓa ko cike rami da fila kwaskwarima ce, damina ɗaya ko biyu take yi. "Mai walda zai gyara maka da kuɗi kaɗan" kuwa, in da haka ne da shi ya gyara ya ƙara wa motarsa daraja. Mu masu aikin mun san ba a yi wa tsatsa kuɗin aiki kafin a buɗe, domin walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, kana kusantar da wuta yana narkewa ramin na ƙara faɗi, kana bin sa har ka ga inda ya tsaya. Sai kuma hotuna. Ƙirga naka: nawa ne na gaba da gefe da kujeru, nawa ne na ƙarƙashi? Na san amsar.

Adalci dai, ba kowane dillali ne ya san abin da ke ƙarƙashin motarsa ba. Da yawa a gwanjon intanet na Amurka suke saye, su ma da hoto, motar ta iso, yaro ya kai ta wajen fenti, a dawo da ita tana walƙiya. Wani ma hannu na uku ne, maganar da aka faɗa masa yake maimaita maka. Amma wanda bai duba ba bai kamata ya ce "ta sama ce" ba, sai ya ce "ban duba ba". Wanda kuma ya gani ya sa aka rufe, ya san hukuncinsa. Hadisi ne sananne cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙa a ciki, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa: ban san misalin da ya fi wannan dacewa da baƙin fenti a kan ruɓa ba.

To yaya za a duba? Da farko, bakanike bai wadatar ba, shi kunnensa na wajen injin. Ka nemi mai gyaran bodi, wanda kai za ka biya, ba wanda mai mota ya kawo ba. A je da rana, motar a bushe. A kai ta wajen da ke da rami, ko na wankin mota ko na juyen baƙin mai, ko inda ake ɗaga mota sama. Kayan aikin tocila ne, da sukudireba, da ƙaramar guduma, da maganaɗisu mara ƙarfi sosai a naɗe cikin tsumma don kada ya karce fenti. Ka nemi izinin mai motar kafin a fara dannawa. In ya ce kada a taɓa, ya ba ka amsa.

A fara da baya, domin a nan laka ta fi taruwa. A bi ƙarfen shasi ta gefe biyu, a tsaya sosai a inda hannayen tayar baya suka haɗu da jiki, a ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa a tsaye take, ruɓaɓɓe kuwa ƙarar kwali yake yi, wani lokaci ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. A haska tocila cikin ƙananan ramukan da ke jikin ƙarfen, domin mai fesa fenti ba ya iya kai wa can, kuma abin da ke ciki shi ne gaskiyar motar. A duba wuraren kafa jak guda huɗu: in sun lotsa ko sun murƙushe, ƙarfen ya yi laushi. A duba ƙarfen da injin ke zaune a kansa, da madaurin tankin mai. Sannan a bi siraran bututun man birki da ido tun daga gaba har baya. Wannan kada a yi wasa da shi. Bututun da ya yi ɓawo yana iya riƙe birkin yau da kullum, sai ranar da ka taka da ƙarfi don kauce wa wani abu ya fashe, ƙafarka ta tafi har ƙasa.

A sama kuma, a bi bakin tayoyi da gindin ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki ko ya yi sanyi fila ce a ƙarƙashi. A buɗe kowace ƙofa a leƙa gindinta ta ciki, a ɗaga robar bakin ƙofa da ta gilas. A fito da safaya taya a duba mazauninta. A ɗaga kafet ta gaba da ta baya a taɓa soson da ke ƙasa. In notunan da suka ɗaure kujeru da layin da kujera ke gudu a kai sun yi ja, ko ƙarafan da ke ƙarƙashin sitiyari sun yi tsatsa, ko aka ga busasshiyar laka a lungun da ruwan wanki ba ya kai wa, to ruwa ya taɓa cika motar. Wannan wata cuta ce daban. Guguwar Harvey a 2017 da ta Ian a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Texas da Florida, kuma irinsu na ƙarewa a gwanjo. Mu ma nan gida ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta shanye motoci. Ga kuma motar da ta daɗe a Legas ko Fatakwal tana shan iskar teku da ruwan kwata.

Tun kafin ka ɗauki kowa zuwa Legas, akwai abin da za ka yi daga inda kake zaune. Ka ce ya turo maka lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke gindin gilashin gaba ta wajen direba. Da ita ake fitar da tarihin motar a shafuka irin su Carfax da ɗan kuɗi kaɗan, a ga jihohin da aka yi mata rajista shekara bayan shekara, da ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ruwa ya ci ko wadda inshora ta yafe. In ka sa lambar a Google ma, sau da yawa hotunanta na wajen gwanjo kan fito, ka gan ta yadda take kafin a yi mata kwalliya. Da lambar kuma ake duba ko tana cikin waɗanda Honda ta kira da ko an yi mata aikin. Abu ɗaya da za ka kiyaye: harafi ko alƙalumin da ke farkon lambar shasin, ƙasar da aka ƙera motar yake nunawa, ba inda ta zauna ba.

Za ka ji masu cewa in mota ta zo Arewa tsatsa mutuwa take yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsatsa na bukatar danshi, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu iskarmu ba ta da shi, don haka cin yana raguwa sosai. Amma gishirin da ya maƙale a lunguna yana nan, yana janyo danshi, damina na sauka ya farka. Ƙarfen da ya riga ya tafi kuma ba ya dawowa, ga hanyoyinmu da ramuka, ga lodin da muke yi. Ƙarfen da zai iya lallaɓawa a kan titi mai santsi, a hanyar ƙauye yake karyewa. Ko wadda ba ta kai ga haɗari ba tana da wahalar da ba a faɗa wa mai saye: kowane noti ya kafe. Aikin awa ɗaya sai ya cinye yini, noti ya karye a ciki, a nemo wuta, a nemo mai huda, kuɗin aiki ya ninka.

In aka duba aka tarar ja ne kawai a kan ƙarfe mai kauri, ko ɓawo kaɗan a wurin da ake kwancewa a sauya, kamar salansa ko ƙofa, saya, ka nemi ragi gwargwadon gyaran. Da ta zo hannunka a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, a kankare, a shafa maganin tsatsa da fenti, a fesa mai mai kauri cikin ramukan shasi. Kada a yi amfani da tsohon baƙin mai, yana lalata robobi. Kuma duk abin da mai motar ya faɗa da baki, a rubuta shi a takardar ciniki a gaban shaidu: cewa babu huda ko fila a shasi da ƙasan motar, in aka samu cikin kwana kaza ciniki ya warware, kafin alƙalami ma ya dawo. Mai gaskiya ba ya jin nauyin sa hannu a kan wannan.

Game da wannan CR-V ɗin, ka ce masa ya kai ta kan rami ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ba wanda aka ɗauka aka turo ba. Ya fara nuna maka lambar shasi a gilas, ya sauka ƙasa ba tare da ya katse ba, ya haska ramukan shasin baya, ya danna sukudireba a inda hannayen tayar baya suke ɗaure, dama da hagu, kana kallo. Ka tambaye shi yaushe aka fesa baƙin fentin, wa ya fesa, kuma ko akwai hoton ƙarƙashin kafin a fesa. In ya yi duk wannan ba gardama, sai ka biya mai gyaran bodi ya je ya taɓa da hannunsa, sannan a yi maganar kuɗi. In kuwa sukudireba ta shige a wajen hannun tayar baya, kada ka tsaya neman ragi, ka bar masa motarsa ka koma kan waɗanda ka gani a Kaduna, su ma ka shiga ƙarƙashinsu.